Katifar iska ta Intex Dura-Beam: wa ya dace a kwantar a kanta idan 'ya'ya da jikoki sun cika gida

Idan hutu ya zo, 'ya'ya suka dawo gida da nasu 'ya'yan, abin da ke fara kasawa shi ne wurin kwana. Gidan da aka saba kwana mutum huɗu sai a wayi gari mutum goma sha huɗu ne a cikinsa. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, amma baƙon da ya kwana uku yana tashi da ciwon baya ya san ita ma ta tabarmar tana da nata muhimmancin. Shi ya sa gidaje da yawa ke ajiye katifar iska: a hura ta da dare, a naɗe ta idan baƙi sun tafi, ba ta cin wuri a sauran watannin shekara.

Wadda za a duba a nan ita ce ta kamfanin Intex, jerin da suke kira Dura-Beam, mai famfon lantarki a jikinta. Hukuncin a taƙaice: tana yin aikinta sosai ga manya masu lafiya da yaran da suka tasa, na kwana biyu zuwa mako guda. Ba ta jarirai ba ce sam, kuma ba ita ya kamata a ba tsoho ba. Yawancin ƙorafin da ake yi a kanta kuwa daga yadda aka yi amfani da ita a daren farko yake tasowa.

Girmanta iri biyu ne aka fi saye. Ta mutum biyu faɗinta santimita 152 ne, tsawonta 203, kuma an rubuta tana ɗaukar nauyin kilo 272. Ta mutum ɗaya faɗin 99, tsawo 191, nauyi kilo 136. Tudunta ma hawa-hawa ne: akwai mai santimita 25, mai 33, mai 42, mai 46, har mai 56 wadda ta kai tsayin gado sosai. Jikinta roba ce ta PVC, samanta an lulluɓe shi da wani gashi-gashi mai laushi kamar karammiski don kada zanin gado ya riƙa zamewa. A ciki kuma akwai dubban zaruruwa na foliyesta da suka haɗa sama da ƙasa. Su ne ke sa ta tsaya a shimfiɗe maimakon ta kumbura kamar balan-balan, kuma ku riƙe wannan, domin babbar lalacewar da ba ta gyaruwa a wajensu take faruwa.

Famfon yana cikin wani ɗan akwati a gefen ƙafa ko kai, da maɓallin murɗawa: gefe ɗaya hurawa, gefe ɗaya zuƙewa. Ta mutum biyu mai tsayin 46 tana cika cikin minti 3 zuwa 4. Ƙararsa kamar ta injin share ƙura ce, don haka a hura kafin a kwantar da yara. Kafin a saya a duba ƙarfin wutar da aka rubuta a kwali. Akwai na bolt 110 zuwa 120, akwai na 220 zuwa 240, kuma idan aka jona na 120 a wutar 240 famfon ya tafi ke nan, ya bar ku da katifar da sai dai a nemo mata famfon hannu. A duba kuma ko samfurin yana da bakin da za a iya hurawa da famfon hannun, domin ranar da babu wuta shi zai fitar da ku kunya. Katifa mai tsayin 46 ba a hura ta da baki, wanda ya gwada zai gane.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan katifa a fito da ita kwana uku kafin baƙi su iso, saboda dalilai biyu. Na farko wari: sabuwar roba tana da wani wari mai hawa kai, sai ta sha iska kwana ɗaya ko biyu a ɗakin da taga ke buɗe. Na biyu ya fi muhimmanci. Sabuwar PVC tana miƙewa. A hura ta tam da yamma, da safe a same ta ta yi laɓo-laɓo, sai a ce ai ta huje. Ba ta huje ba, robar ce ta saki jiki, iskar da ke ciki ta sami ƙarin wuri. Kamfanin da kansa ya rubuta haka a takardar da ke cikin kwali, sai dai ba kowa ke karantawa ba. Abin yi shi ne a hura ta ba tare da kowa ya hau ba, a bar ta awa 8 zuwa 10, a ƙara iska, a sake bari, a sake ƙarawa. Bayan zagaye biyu ko uku za ta daidaita. Idan bayan haka har yanzu tana sacewa ƙasa warwas cikin dare ɗaya, to wannan huji ne na gaske, kuma gara a gano shi tun rasit yana hannu, ana iya mayarwa, da a gano shi ƙarfe uku na dare surukinku yana kwance a kan siminti.

Akwai wani abin da ke sa ta yi laushi da asuba ko da ta tsufa ta gama miƙewa: sanyi. Iska tana tsukewa idan ta huce. Idan an hura a ɗaki mai zafin digiri 32, gari ya waye a 22, iskar ta ragu da kusan kashi 3 cikin 100. A ido kaɗan ne, amma a bayan mai kwanciya ana ji, domin matsin da ke cikin katifar dama ba mai yawa ba ne. Maganinsa a ƙara mata iska na daƙiƙa 10 zuwa 15 dab da kwanciya. Abin da bai kamata ba shi ne a ce bari a cika ta fiye da kima tun da rana don kada ta sauka.

Cikawa fiye da kima ita ce ke kashe yawancin waɗannan katifu. Idan aka bar famfo yana ta aiki bayan ta cika, ko aka kawo injin iskar tayar mota, zaruruwan nan na ciki ne ke ɗaukar wahalar. Layi ɗaya ya tsinke, sai wani ƙaton tozo ya taso a tsakiyar katifa ko a gefe, mai kwanciya ya riƙa gangarawa. Daga nan nauyi ya koma kan layin da ke kusa, shi ma ya bi. Wannan ba ya facuwa, don ɓarnar a ciki take inda hannu ba ya kaiwa. Alamar ta cika ita ce ƙarar famfon ta canza, ta yi sama kamar yana nishi. A kashe a nan. A danna tafin hannu a tsakiya, ya kamata ya ɗan nutsa santimita 2 ko 3. Idan ta yi tauri kamar ganga, a rage. Shi ma famfon kada a bar shi yana gudu fiye da minti 5 a jere, yana zafi, a bar shi ya huce kafin a sake kunnawa.

Sai kuma jikoki. Duk yaron da ya ga wannan katifa a hure, abu ɗaya ne zai zo masa a rai: tsalle. Yaro mai kilo 20 da ya diro daga kan kujera yana buga wa zaruruwan ƙarfin da ya fi na babban mutum a kwance nesa ba kusa ba, domin nauyin a wuri guda yake sauka, a lokaci guda. Uku su haɗu suna yi, kwana ɗaya ya isa tozo ya fito. Faɗa ba ya hana su, kowa ya san haka, balle kakanni da ba sa iya tsawata wa jika. Dabarar da ke aiki ita ce kada katifar ta kasance a hure a ƙasa da rana. Ko a zuƙe ta da safe a naɗe, minti biyar ne aikin, ko a kulle ɗakin. Jingine ta a bango ba ya wadatarwa, za su kwantar da ita da kansu.

Maganar jarirai ba ta wasa ba ce. Hukumar CPSC ta Amurka, mai kula da lafiyar kayan da jama'a ke saye, ta yi gargaɗin kada a kwantar da yaron da bai wuce wata 15 ba a kan katifar iska, kuma za ku ga irin wannan gargaɗin a buge a jikin katifar kanta. Dalilin shi ne jariri na iya kifa fuskarsa ta nutse cikin robar ya kasa ɗagowa, ko ya gangara ya maƙale tsakanin katifa da bango, ko tsakanin katifa biyu da aka jera. Kada a ce ai an hura ta da tauri, tunda mun riga mun ga tana sauka cikin dare. Kuma idan uwa ta kwanta kusa da shi, nauyinta yana yin kwari, jaririn ya gangaro jikinta. Saboda haka mai goyo ba ita za a ba wannan katifa ba idan da jaririn za ta kwana. Jariri a nema masa gadon jarirai mai naɗewa, mai shimfiɗa mai tauri a miƙe, a kwantar da shi rigingine, ba matashi, ba tarin barguna. Idan iyayensa na da irin wannan gadon, a gaya musu tun a waya su taho da shi.

Yaran da suka wuce wannan shekarun amma ba su kai makaranta ba, mai tsayin 25 ta fi musu. Yaro yana juyi cikin barci, gefen katifar iska kuma yana lotsawa, faɗowa daga santimita 46 a kan tayil ba daɗi. A janye ta daga bango sosai yadda babu matsatsin da yaro zai faɗa ya maƙale. A cire fulogi daga soket bayan an gama hurawa, a cusa wayar cikin ɗan akwatinta. Ledar da aka naɗo katifar a ciki ma a ɗauke ta daga inda hannunsu zai kai.

Akwai kuma fitsarin kwance, wanda ba a cika faɗa ba amma duk gidan da jikoki ke kwana ya san shi. Yaron da ya daina a gidansu ma yakan yi a baƙon wuri. Mutum zai ɗauka tunda katifar roba ce sai a goge kawai. Gefenta da ƙasanta haka ne, amma saman nan mai kama da karammiski yana shan ruwa yana riƙe wari. A shimfiɗa zanen roba mai hana ruwa wucewa kafin zanin gado, tun daren farko, ga kowane yaro, ba sai an tambayi uwarsa an sa ta jin nauyi ba. In ya riga ya faru, a goge da tsumma da ruwan sabulu mai ɗumi, a sake bi da ruwa zalla, a bar ta a hure a inuwa har ta bushe ƙarau. Kada a shanya ta a rana tana hure: iskar ciki za ta yi zafi ta kumbura, ga tozo.

Su wa za a ba ita ke nan? A ganina samari da 'yammata, da ma'aurata masu ƙarfi a jika, da yaran da suka kai shekarun makaranta. Dattijo ko dattijuwa a bar musu gado na gaske, ko da masu gidan ne za su koma katifar iska. Mai tsayin 46 ko 56 tana ruɗar mutum, don ta yi kama da gado, amma idan aka zauna a bakinta za a miƙe sai bakin ya lotsa, babu abin da hannu zai dafa ya tura. Mai ciwon gwiwa ko wanda ke tashi fitsari sau biyu cikin duhu, nan ne yake faɗuwa. Mai tsohon ciki ma haka.

Ga ma'aurata akwai wani aibin da ya kamata a sani. Iskar da ke cikinta duk a haɗe take, ba a raba ta gida-gida ba, don haka in ɗaya ya juya ɗayan sai ya ji, in ɗaya ya tashi ɗayan sai ya nutsa. Idan nauyinsu ya bambanta da yawa, mara nauyin zai kwana yana gangarawa wajen mai nauyin. Shi ya sa in za a sayi katifa don baƙi, ƙanana biyu sun fi babba ɗaya amfani. Ana iya raba su ɗaki biyu, ana iya ba 'yan'uwa biyu da ba sa son haɗa shimfiɗa, kuma in ɗaya ta huje ba duka aka rasa ba.

A auna ɗaki da tef kafin a saya, kada a yi da ido. Ɗauki ɗaki mai mita 3 da mita 4 wanda babu kaya a ciki. Ƙanana uku a jere sun ci santimita 297 a bangon mita 4, saura 103 na wucewa da buɗe ƙofa. Ko kuma babba ɗaya da ƙarama ɗaya da hanyar santimita 60 a tsakaninsu, jimla 311. Ƙofa tana buƙatar kusan santimita 80 ta buɗe, kuma ƙasan ƙofa na daga cikin abubuwan da ke yaga gefen katifa. A tuna da akwatunan baƙi, su ma wuri suke ci, kuma zif da ƙafafunsu suna karce roba. Gefen da famfo yake a juya shi wajen soket, a bar masa sarari.

Ƙasan da za a shimfiɗa ta a share shi tas, a bi da hannu. Ƙaramar tsakuwa, allurar ɗinki, ɗan kunne, gutsuren abin wasan yara, duk sun isa. A sa darduma ko tsohon bargo a ƙasa: yana kare ta daga huji, yana kuma kashe ƙarar ƙiiƙii da roba ke yi a kan tayil duk lokacin da aka motsa. Lokacin sanyi kuma a sa wani bargon a sama, ƙarƙashin zanin gado. Mutane kan yi mamakin yadda suke lulluɓa da bargo biyu amma sanyi na shigarsu. Ta ƙasa yake zuwa, domin iskar da ke cikin katifar tana zagayawa tana kwashe ɗumin jiki. Lokacin zafi kuwa roba ba ta numfashi, bayan mutum zai jiƙe da gumi, sai a sa zanin auduga mai kauri ko a ninka biyu. Zanin gado mai roba a kusurwa ya fi zama. Hita, kyandir, dutsen guga, duk a nisanta su. Kyanwa kuma kada ta shiga ɗakin.

In ta huje, yawanci tana gyaruwa, kuma akwai ɗan faci a cikin kwali, a adana shi. A fara duba maɓallin famfo, sau da yawa ba a mayar da shi tsakiya daidai ba ne iska ke fita ta nan, haka ma murfin bawul, wato bakin da ake hurawa da famfon hannu. Idan ba nan ba ne, a hura ta, a jingine, a kashe fanka, a bi da kunne da bayan hannu a jiƙe, ana jin sanyin iskar a fata. Bai bayyana ba, a kaɗa sabulu a ruwa a shafa da soso, ana dannawa, a fara da ƙasa da layukan haɗi. Inda kumfa ke tasowa tana girma, nan ne. A zagaye wurin da biro, a zuƙe iskar duka, a goge, a bar shi ya bushe. A yanka faci ya wuce hujin da santimita 2 ta kowane gefe, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kusurwa mai tsini ita ke fara ɓanɓarewa. Idan hujin a saman mai gashi yake, sai an goge gashin da samfefa mai laushi har robar ta fito sumul, in ba haka ba facin ba zai kama ba. A yi a hankali kada a ƙara wani hujin. Gam ɗin ya zama na PVC. Sholishon facin taya na wata irin roba ce daban, ba ya riƙe wannan. A ɗora abu mai nauyi a kai, a bar shi ya kwana kafin a hura. Hujin da ke kan layin haɗi ko a gindin akwatin famfo shi ne mai wuya, sau da yawa yana sake buɗewa.

Idan aka kwatanta ta da katifar soso mai ninki uku, kowacce da inda ta fi. Ta soso ba ta hujewa, ba ta buƙatar wuta, yara su yi ta tsalle ba abin da zai same ta, kuma ba ta da sanyin ƙasa. Amma ko an ninke ta tana cin wuri kamar ƙaramar kujera, uku daga cikinta sun cika rabin sito. Ta iska kuwa babbar ma in an naɗe ta ba ta wuce ƙaramar jakar tafiya ba, ana ɗora ta a saman kabad. Gidan da jikoki ƙanana suka fi yawa, soso ya fi. Gidan da manya ne ke zuwa na 'yan kwanaki kuma wurin ajiya ya yi kaɗan, Dura-Beam mai tsayin 42 ko 46 ta wadatar. Baƙon da zai wuce mako biyu a nema masa katifa ta gaske, wannan ba a yi ta don kwanan kullum ba, kuma bayansa zai gaya masa.

Ranar da baƙi suka tafi, kada a yi gaggawar cusa ta a jaka. A cire zanin, a goge, a bar ta awa biyu ta sha iska, don danshin da aka naɗe da shi yana zama fumfuna kafin wani hutun. A murɗa maɓallin zuwa zuƙewa har ta lafe, a ninka gefe biyu zuwa tsakiya, sannan a naɗo daga ƙarshen da ba famfo zuwa wajen famfon, yadda sauran iskar za ta sami hanyar fita. Ba za ta koma ƙanƙanuwa kamar yadda ta zo daga kamfani ba, kada a yi ta danne ta da gwiwa don ta shiga kwalinta na asali. Lanƙwasa mai kaifi a wuri ɗaya ita ke zama tsaga daga baya. A ajiye ta inda ba zafi mai tsanani, ba laima, ba ɓera, kada kuma a ɗora mata kaya masu nauyi. Facin da gam ɗin a sa su cikin jakar tare da ita.